Ƙwallon da Baba Ya Gyara

Babanmu baduku ne, amma tun tasowata ban ga ya ɗinka takalmi ko jaka ba sai in wani na gida ya matsa masa. Ƙwallo yake ɗinkawa. Rumfarsa tana gefen titin Doma, tsakanin wani mai faci da wata bishiyar mangwaro da ta girme mu duka, kuma duk yaron da ya buga bol a Lafia a zamanin ƙuruciyarmu ya san ta. Su kawo masa wadda ƙusa ta huda, da wadda mota ta taka, da wadda ɗinkinta ya farke har robar ciki ta leƙo. Sai ya juya ta ciki waje, ya goga wa zarensa kakin zuma, ya kama basilla biyu ya yi ta ja. Ko gaisuwa aka yi masa, kansa a sunkuye yake amsawa.

Doka ɗaya gare shi. A gaban rumfar akwai daɓen siminti da ya sa aka shafe masa sumul, daga bakin bencinsa zuwa gindin mangwaron. Duk ƙwallon da ya gama sai ya ajiye ta a kai ya tura da yatsa ɗaya. In ta gangara sak har ta taɓa bishiyar, sai ya ce, “Ta fita.” In ta yi rangaji ko ta karkace, ko mai ita yana tsaye yana rantsuwa cewa ta yi masa, Baba zai farke ta ya sake. Na sha ganin yara suna hawaye a kan haka, wasa ƙarfe huɗu, ga Baba yana warware ɗinki ƙarfe uku da rabi. A wurinsa ƙwallon da ba ta zagaye ba abin kunya ce, kamar mutum ya shiga kasuwa da riga a baibai.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana, ni kuma na riƙe sunan da hannu biyu fiye da yadda ya kamata. Ni kaɗai ce a gidan ke iya duban idonsa in ce bai kyauta ba. Inna takan ce da zafin kaina aka haife ni, wai ranar suna ma sai da na kori wanzami da ihu.

Autanmu kuwa shekara goma sha ɗaya na ba shi. Dogo ne, mai manyan tafin hannu, kuma bakin Inna ya ɗauko kaf. Yadda take jan ƙarshen sallama haka yake ja, dariyarta ma da ke farawa a hanci ita yake yi, har baƙi kan tsaya su waiwaya. Gola ne tun yana firamare. Bayan la'asar Baba yakan tsayar da shi jikin katanga ya yi ta jefa masa ƙwallo, sama da ƙasa, har sai Inna ta fito ta ce a bar mata ɗa ya sha ruwa. Duk ƙwallon da Baba ya ɗinka masa, kafin ya rufe fallen ƙarshe sai ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta 'yar addu'a a cikin fatar, inda ba mai gani. Shi kaɗai kuma ya koya wa ɗinkin rufewa, wanda ake yi daga waje a ɓoye zaren, har ba a gane inda aka ƙare. Baba bai taɓa furtawa ba, amma duk unguwa ta san yana jiran ranar da zai ga yaron nan cikin riga kore da fari.

Auta ya samu tallafin karatu ya tafi wata ƙasa a Turai. Ya gama, ya samu aiki, ya shiga neman takardun zama ɗan ƙasa. Ana cikin haka Inna ta kwanta da damina, kwana tara Allah Ya karɓi abarsa. Aka gaya wa Auta in ya fito kafin takardunsa su kammala, ba lallai a bar shi ya koma ba. Bai zo ba. Ya kira yana kuka, na miƙa wa Baba wayar, ya saurara har yaron ya yi shiru, sannan ya ce, “To,” ya miƙo mini. Daga wannan “to” ɗin sai da aka shekara uku Baba bai sake ce masa uffan ba.

Ni ma na yi fushi da Auta, kada in yi ƙarya, wata biyu ban ɗaga wayarsa ba. Amma nawa fushin da wuri yake tashi, da wuri yake sauka. Sai na zama 'yar aike. Duk Juma'a Auta zai kira, in taka zuwa rumfa in ce, “Baba, Auta na gaishe ka.” Shi kuma ya ce, “Ki ce masa ina aiki.” Wane aiki? Ƙwallayen roba na kasuwa sun riga sun kwashe masa yara, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Kullum da safe kafin in wuce makarantar da nake koyarwa sai na tsaya na zura masa zare a basilla goma, na soke su a wani guntun soso, don shi ba ya ganin kafar. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Tsoho yana ta ƙara tsufa, ina tsoron wata rana in kira yaron nan da labari na biyu, alhali kalmar ƙarshe da ya ji daga bakin ubansa “to” ce.

Wata Juma'a Auta ya kira.

“Yaya, an ɗauke ni a tim ɗin ƙasa.”

“Wace ƙasa?”

Ya ce ta can. Kuma ba ƙwallon da muka sani ba, ƙwallon Ostireliya.

“Ostireliya kuma? Ba a Turai na bar ka ba? Yaushe ka ƙara gaba?”

Ya yi dariya ya yi mini bayani. Wasan daga can ya samo asali, amma ƙasashe da dama suna da 'yan wasansu, kuma akan haɗa su gasa, ban da 'yan Ostireliyan kansu, don in aka bar su ba wanda zai taɓa ƙwallo. Shi a wani fili wasu suka ga yadda yake cafe ƙwallo a sama da yadda yake dukanta daga hannu, suka ce ya zo ya gwada. Ya ce ai ya sha turo mini bidiyon wasanninsu. Na ce na gani, ya yi kyau. Ban buɗe ko ɗaya ba. Ina da takardun yara ɗari da wani abu da zan duba, wa ke da lokacin kallon ƙarti suna guje-guje?

Ya ce duk wanda aka zaɓa an ba shi ƙwallo guda, 'yan tim duka sun sa hannu a kai, kuma tasa Baba zai aiko wa.

Wani abokinsa ya kawo ta Abuja, aka ba direba, na je tasha na karɓa. A cikin keke na buɗe ledar. An sace mata iska, ta kwanta shafal, jar fata mai kauri mai ƙamshin sabunta, ko'ina sa hannun Turawa da baƙin alƙalamin maka. A gefe guda kuma, da ajamin nan nasa mai tsayin alif da muka koya a allo ɗaya, ya rubuta: Baba, ka yafe mini. Na rungume abar nan na yi ta kuka, mai keke yana leƙena ta madubi har sai da na ce masa ya kalli titi, ba fuskata ce hanyar Doma ba.

Na kai wa Baba na ce ga saƙo daga Auta. Bai ɗago ba, ya ce, “A ajiye.” Na ajiye a ƙarshen benci. Washegari aka tura ni Keana sa ido a jarrabawa na mako guda.

A Keana in an tashi daga jarrabawa ba abin yi. Da yamma nakan zauna kusa da inda mata ke tace ruwan gishiri ina kallonsu. Rana ta uku zaman ya ishe ni, na ce bari dai in buɗe bidiyon yaron nan ko ɗaya ne. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Ƙwallon da suke bugawa ba zagayayya ba ce. Doguwa ce, mai tsini biyu, kuma kowa a filin ya yarda da ita a haka. Na san ubana. Baba ba ya riƙe waya, don haka na kira maƙwabcinsa mai faci, wani dattijon Eggon da suka fi shekara talatin suna raba inuwar mangwaro ɗaya. Na ce don Allah ya gaya wa Baba kada ya taɓa ƙwallon nan sai na dawo.

“Malama, kar ka damu,” in ji shi, ana jin injinsa na ƙara. “Ni da Baba mun riga mun kama aiki. Sai ka zo ka gani.”

Na dawo ranar Juma'a da ƙullin gishirina, ko gida ban biya ba. Na tarar da Baba ya sa rigarsa mai aiki a wuya, yana zaune ba ya ɗinkin komai, abin da ban saba gani ba. Mai faci ne ya riga shi magana.

“Ni na sa masa iska da hannuna. Sai bol ya tashi dogo kamar gwanda. Na sace, na sake sawa, haka. Na ce ma Baba wannan rijet ne, Turawa sun ga yaro baƙo sun cuce shi. Abeg, ina aka taɓa ganin bol mai kai biyu?”

Baba ya sa hannu ƙarƙashin benci ya ciro ta. Ya farke ta gaba ɗaya, ya yayyanka fallayenta huɗu ƙanana ƙanana, inda jar fatar ba ta kai ba ya cike da tasa ruwan ƙasa, ya canza robar ciki. Kwana huɗu ya yi a kanta, da laluben yatsa, mai faci na zura masa zare. Ya ajiye ta a kan daɓe ya tura da yatsa ɗaya. Ta gangara sak, ba ko rangaji, ta je ta taɓa gindin mangwaro.

“Ki gaya masa na gyara,” in ji Baba. “Kuma ya daina karɓar kaya bai hura ya gani ba.”

Saƙon kirki na farko ke nan cikin shekara uku. Da ina da hankali a ranar, da na ɗauki maganar nan a guje na kai wa mai ita. Amma sai na ɗauki ƙwallon ina jujjuyawa. Ga guntayen sa hannu, rabin suna a nan, wutsiyar wani a can. Na juya ta sau uku ina neman ajamin Auta. Babu.

“Baba, haka ake yin ta! Doguwa ce tun asali, da ita suke wasan!”

“Ba mai hankalin da zai ɗinka ƙwallo haka da gangan.”

“To bar wannan. Ina rubutun da ya yi maka? Shekara uku yaron nan yana neman bakin ba ka haƙuri ka hana shi, ya rasa yadda zai yi ya rubuto maka, shi ne ka sa almakashi ka yanke ka zubar? Inna ta rasu, mun ji, duk mun ji zafi. Shi ma uwarsa ce! So kake sai ka mutu ya zo ya roƙi ƙasa?”

A gaban mai faci na faɗi wannan, da mai lemu, da 'yan acaɓa biyu da suka tsaya shan inuwa. Baba ya miƙo hannu ya karɓi ƙwallon, ya mayar ƙarƙashin benci, ya ce, “Kin gama, Uwata?” Na ce na gama. Na tafi gida ina huci, kafin in kai ƙofa kunya ta rufe ni. Da Auta ya kira da yamma na ce masa Baba ya karɓa, yana ajiye da ita da kyau.

Gasar ta zo bayan mako biyu, wasansu na farko ranar Asabar bayan la'asar. Na ari kwamfutar maigidana na nufi rumfa. Ban ba Baba haƙuri da baki ba, mu gidanmu ba mu iya wannan ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗauki sosonsa na zura zare a basilla goma duk da ba safiya ba ce, na ajiye masa ƙullin gishirin da tun ranar na koma da shi gida don fushi. Ya taɓa ƙullin ya ce, “Na Keana ne?” Na ce na Keana ne. Shi ke nan, mun shirya.

Na ɗora kwamfutar a benci na kunna. Baba ya jawo wata tsohuwar fata yana kankarewa, wai shi ba kallo yake ba. Mai faci kuwa ya bar tayar wani a ruwa ya jawo kujera. Filin kansa ma ba mai kusurwa huɗu ba ne, kewayayye ne mai ɗan tsawo. A kowane ƙarshe sanduna huɗu a tsaye, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe, ba raga, ba gola. 'Yan wasan cikin riguna marasa hannu, suna cafe ƙwallo, su naushe ta da dunƙulen hannu zuwa ga ɗan'uwa, su ruga suna buga ta da ƙasa, a kamo mutum ta ƙugu a kayar, alƙali yana kallo bai ce komai ba.

“Wannan bol ne ko kokawa?” in ji mai faci. “Ina jan kati? A Lafia in ka yi wannan, sai an je ofishin 'yan sanda.”

Can aka doko ƙwallon sama, ta faɗo a fili, mutum uku suka bi ta. Ta yi tsalle ɗaya gaba, na biyun sai ta juyo baya ta bar su suna karo da juna. Mai faci ya fashe da dariya. Baba ya ajiye fatar da yake kankarewa. Ya matso, ya ƙara matsowa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

“Da gangan suka yi ta haka,” ya ce a hankali.

“Da gangan, Baba.”

“Don kada a san inda za ta.” Ya gyaɗa kai. “Lokacin da nake farke ta na ga ɗinkin. Wanda ya yi ta yana da hannu. Na yi ta mamakin yadda mai hannu haka zai ɓata awo.” Ya shafa gwiwarsa ya ce, “Ashe aikin mutum na ɓata.”

Ban taɓa jin tausayin ubana kamar lokacin ba. Ina neman abin da zan ce masa, sai aka sake doko ƙwallon sama cikin cincirindo. Wani dogo ya taso daga baya, ya ɗora gwiwa a gadon bayan wani, ya haye sama da kowa ya cafe ta da hannu biyu. Hoton daga nesa aka ɗauka, ni mai ido ma ban gane fuska ba.

“Ga shi nan,” in ji Baba.

“Wa?”

“Gwiwar hagu yake fara ɗagawa. Tun yana ɗan shekara tara nake hana shi, bai ji ba.”

Aka matso da hoton, Auta ne. Alƙali ya busa, kowa ya ja baya aka ba shi fili, don a wasan in ka cafe ƙwallon da aka doko daga nesa kafin ta taɓa ƙasa, taka ce. Ya ja da baya, ya doka, ta bi ta tsakanin doguwar sanda da gajeruwa. Na ce wa Baba an ba su maki ɗaya, da ta bi tsakiya da shida ne. Ya ce, “Wato in ka kusa ci ma a ba ka wani abu? Mutanen nan suna da tausayi.” An cinye su Auta a ranar, ci mai yawa ma, amma sau bakwai ya cafe a sama, Baba ne ya ƙirga.

Ba a jima da tashi ba wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ga Auta a tsaye a fili, gumi sharkaf, cikin rigar da ba kore ba fari.

“Yaya, Baba ya kalla?”

Na buɗe baki zan tsara wata ƙaryar, sai na ji Baba yana lalube ƙarƙashin benci. Ya ciro ƙwallon ya ɗaga ta saitin wayar, ja da ruwan ƙasa, zagayayya tas. Auta ya matso da fuskarsa.

“Yaya, mene ne wannan?”

Baba bai kalli wayar ba, ni ya kalla. “Ki ce masa ban sani ba. Na ɗauka cutarsa aka yi.”

Sai dariyar nan ta Auta ta fara daga hanci. Ya yi ta yi har ya zauna daɓas a ciyawa, wani Bature ya leƙo ya ga ko lafiya. Baba ya kawar da fuska wajen mangwaro. Can dariyar ta canza, yaron ya sa gefen riga ya goge ido, ya ce da 'yar ƙaramar murya, “Baba, ka ga rubutun?”

“Ki ce masa na gani. Ciki na juya shi, don kada ƙasa ta goge. Amsar ma tana ciki.” Ya jujjuya ƙwallon a cinyarsa. “Ɗinkin rufewa na yi mata. Mutum biyu ne suka iya farke shi ba su yaga fata ba, ni kuwa idona ya tafi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mako biyu mutumin nan yana zaune da maganar da na yaɓa masa a bainar jama'a, bai ce mini kin yi kuskure ba.

Auta ya zo lokacin mangwaro, bayan wata bakwai. Ya yi ƙiba, ya bar gemu, Hausarsa ta ɗan yi nauyi. Da safe Baba ya sa hula ya fita, Auta ya bi shi a baya, suka je maƙabarta suka dawo, kuma maigidana da ya raka su ya ce har suka dawo ba wanda ya ce da wani kanzil. Daga nan sai rumfa. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon titi, ya miƙa masa basilla da ƙwallon.

Ya fi awa ɗaya yana farkewa. Hannun ya manta, sau biyu yana soke yatsa, Baba yana jin motsin zaren yana cewa, “Ba ta nan ba,” amma da iska yake maganar. Ni ina gefe ina korar ƙudan mangwaro, na cije bakina don kada in sa musu baki. Daga ƙarshe ɗinkin ya buɗe. Auta ya zaro robar, ya juyo fallen da ya fi sauran girma. Ga rubutunsa nan, ko alif ɗaya bai gutsure ba. A ƙarƙashi kuma ga tawadar Baba.

Layuka uku ne ko huɗu, ban iya tantancewa ba. Sun hau kan juna, wani ya gangara, wani ya haura ya shiga cikin na Auta, tawada ta taru a wuri biyu ta bushe. Baban da a da ake kawo wa allo ya rubuta wa yara don kyan hannunsa. Auta ya juya fatar ta nan, ya juya ta can.

“Baba, ban iya karantawa ba.”

“Ki ce masa boko ya cinye masa ajami.”

Na karɓa na duba, na fita da ita rana na sake dubawa. “Baba, ni ma ban iya ba. Rubutun ya hau kan juna.”

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya kai ta dab da ido, ya matsar, ya karkata ta wajen haske. Shi ma bai ga komai ba. Ya ajiye ta a cinya. Mai faci ya miƙa hannu ya kashe injinsa, ya tashi ya tsallaka titi wai zai sayi goro, shi da ba ya cin goro.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen Auta, ba wajena ba.

“Cewa na yi na yafe maka tun ranar da aka kai uwarka. Ban taɓa riƙe ka ba. Muryarka ce irin tata. In ka yi sallama a wayar nan sai in ji kamar ita ce a ƙofar ɗaki, ni kuma ba na so in yi kuka a bakin titi.”

A bakin titin ya yi shi. Auta ya kifa kansa a gwiwar Baba, Baba ya ɗora masa hannu a ƙeya, ni kuma na juya musu baya na tsaya a bakin rumfa ina harare duk wanda ya rage tafiya.

Da suka natsa, Baba ya lalubo sosonsa ya zaro basilla biyu masu zare ya miƙa wa Auta ya ce ya rufe ta. Ya rufe, a hankali, harshe a waje kamar lokacin yana yaro. Mai faci ya dawo ya ba ta iska. Auta ya ajiye ta a kan daɓe ya tura da yatsa ɗaya. Ta tafi rabin hanya, ta yi rangaji, ta karkace hagu, ta je ta shige cikin tsofaffin tayoyin mai faci. Duk muka kalli Baba. Idonsa bai kai can ba, amma kunnensa ya ji inda ta tsaya, na tabbata.

“Ta fita,” in ji shi.